Tarihin Rayuwata, Kashi na Goma Sha Ɗaya: Fadar Isale Eko da Soron Kaka

A makon jiya na tsaya a inda maigidana ya ɗauke ni daga rumfar goro ta Agege ya mai da ni ɗan aike zuwa cikin Ikko. A ɗaya daga cikin aike-aiken nan ne na kai huhun goro ga wata dattijuwa Bayarabiya a Isale Eko, wadda ke da dangi a gidan sarauta, kuma da ta ga na tsaya ina ƙare wa katangar fada kallo sai ta ce, "Malam, kai magini ne?" Na ce, "Iya, jikan magini ne." A ranar ta sa ɗanta ya shiga da ni Iga Idunganran, fadar Oban Legas, har iyakar inda ake barin baƙo ya taka.

Yaron ya gaya mini cewa sunan yana nufin fadar da aka gina a gonar barkono, domin filin gonar Aromire ce tun kafin Oba Gabaro ya kafa mazaunin sarauta a wurin. A zamanin Oba Akinsemoyin ne 'yan kasuwar Fotugal suka samu gindin zama a garin, kuma daga wajensu aka samu kayan rufin da ya maye gurbin ciyawa, ko da yake cinikin da ya kawo su na bayi ne, abin da ba ya daɗin faɗa. Sabon ɓangaren kuwa Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya buɗe shi a 1960, lokacin Oba Adeniji Adele. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne sun gina sabon a gefe sun bar tsohon a tsaye. Na ga tsakar gida a buɗe inda ruwan sama ke sauka daga rufi, na dafa wani ginshiƙi na ji sanyinsa a tafin hannuna, nan take maganar Kaka ta faɗo mini: gidan sarauta ba a gama gininsa, ranar da aka daina yaɓe shi ranar ya fara mutuwa.

Kaka ba ya faɗin wannan magana sai a kan Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano, inda ya yi shekaru yana cikin maginan da ake kira yaɓe kafin damina. Ina ƙarami yakan ɗora ni a kafaɗa ranar Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, kowa na kallon dawakai da jahi, shi kuwa yana nuna mini zankwaye da indararo. Daga bakinsa na fara jin cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan, kuma Gidan Makama ya riga shi. Fulani suka zo suka zauna a cikinsa, zuri'ar Ibrahim Dabo ta gaje shi, Sarki Abdullahi Maje Karofi ya gina Ƙofar Kudu, Turawa suka ci Kano a 1903 suka tarar da shi, har aka samu Soron Ingila a ciki, kuma duk wanda ya zo ƙari ya yi a kan abin da ya tarar. Kaka yana cewa da tubali ɗaya ake yin ɗakin talaka da soron sarki, bambancin kawai shi ne sarki ba ya barin damina ta riske shi bai yi yaɓe ba.

Da hannunsa ya gina soron gidanmu irin na fada, sai dai ƙarami. Tubalin jar ƙasa ne da aka cuɗe da ciyawa aka bari ya ruɓa, rufin kuwa ɗaurin guga ne, bakan gizo huɗu sun tashi daga bango sun haɗu a tsakiya, inda ya manna farantin tangaran. Azarar giginya ce, wadda gara ba ta ci, an jera ta gajere-gajere ana ɗaurewa, kowace tana ɗauke da nauyin ta samanta. A waje ya shafe shi da makuba, a kan rufi ya zuba laso na katsin marina. Cikin bazara, lokacin da kwano ke gasa mutane, a soron nan maƙwabta ke yin ƙailula.

Wannan soron ne Yaya ya rushe. Ina Legas aka yi, ba a tuntuɓe ni ba, sai a bakin wani direban tirela na ji a Mile 12 cewa an fitar da shaguna uku na bulo a gurbinsa. Da na je gida na tambaye shi, sai ya ce, "Kai da ke zaune a Kudu, wa zai riƙa biyan kuɗin yaɓe?" Na ce, "Yaya, da ka aiko mini ai da na biya." Har yau yana gaya wa dangi cewa ya aiko, ni kuma na rantse da Allah ko takarda ɗaya ban gani ba, kuma ina so 'ya'yansa da ke karanta wannan su san haka. Nawa laifin shi ne damina biyar na yi ban leƙa gida ba, alhali na san abin da Kaka ya ce game da daina yaɓe.

Shekaru sun shuɗe, na yi aure, na buɗe tawa rumfar. A watan Oktoba na 2020, da tarzoma ta ɓarke aka afka wa Iga Idunganran har aka fita da sandar sarauta, na kwana ina tunanin ginshiƙin nan da na dafa, duk da ba fadar sarkina ba ce. Dattijuwar ta daɗe da rasuwa a lokacin, Allah ya jiƙanta, domin musulma ce. Daga soron Kaka kuwa abin da ya zo hannuna guntun azara ne kamu biyu, wanda Inna ta ɓoye mini a ƙarƙashin gado, ita ma ba ta sani ba sai da aka fara dukan bango. Farantin tangaran an ce ya fashe ranar rushewar, amma ƙanwata ta ce ta gan shi a ɗakin matar Yaya, kuma a kan wannan zan ɗora a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.