Sass ta bar Ruby ta koma Dart, mu ma a shagonmu muka bi ta

Sana'armu gina shafukan intanet ce, ga 'yan kasuwa da makarantu a Kano da kewaye. Abin da mai shafi ke gani, wato launi da girman rubutu da yadda shafi ke zama daram a waya, duk aikin CSS ne. Amma in aiki ya yi girma ba ma rubuta CSS kai tsaye. Da Sass muke rubutu, wani harshe da ke sauƙaƙa rubuta CSS, sai manhaja ta juya shi zuwa abin da burauza ke karantawa. Launin kamfani wuri ɗaya muke ajiye shi. In Alhaji ya bugo da dare ya ce, "Malam, shuɗin nan ya yi duhu," layi ɗaya za mu taɓa, duk shafukan su canza.

Ita manhajar juyawar an sha sake rubuta ta. Ta farko da Ruby, wani harshen rubuta manhaja, aka yi, a 2006. Hampton Catlin ne ya tsara harshen, Natalie Weizenbaum ta ɗauki nauyin ginin. Da wannan manhaja ta Ruby na koya, lokacin da muke biyan kuɗin awa a kafe, ga janareta na ruri a bayan shago. Sai ka girka Ruby ko da ba ka da wata hulɗa da shi, kuma in fayilolinka sun yi yawa, ka ajiye gyara ka zauna kana kallon allo kafin ta gama. Mai gidan da ya koya mini ba ya barin yaro ya kwafi salon wani. Cewa yake yi, "Rubuta da hannunka, ka san inda kowace tazara ta fito."

Daga baya LibSass ta zo, wata manhajar juyawar da aka rubuta da harshen C++. Sauri kam ba a magana. Amma duk wanda ya yi amfani da ita ta hanyar node-sass, mai haɗa ta da Node (manhajar da ke gudanar da JavaScript a kwamfuta), ya san abin da ake sha. Da zarar ka sabunta Node, in babu shiryayyen fayil da ya dace da naka, sai ta ce za ta harhaɗa kanta a kwamfutarka. Nan za ka nemo Python, ka sauko da kayan Visual Studio masu cin data, kai da kake lissafin kowace gigabait. Matsala mafi girma kuma, masu iya taɓa C++ ɗin ba su da yawa, don haka sababbin abubuwan Sass suka riƙa wuce ta.

A 2016 Weizenbaum ta sanar da cewa za a sake gini da Dart, wani harshen na Google. Wasu sun yi gunaguni, tunda a lokacin a Google take aiki cikin masu Dart ɗin. Ni dai hujjojin sun gamsar da ni. Dart ya fi Ruby sauri, ya fi C++ sauƙin gyara, kuma ana iya juya shi zuwa JavaScript. Wannan na ƙarshen shi ne ya taɓa mu kai tsaye: yaron da ya zo koyon aiki da tsohuwar laftof zai girka Sass daga npm, rumbun kayan JavaScript, cikin mintuna, ba ruwansa da sanin Dart. An yi ritayar ta Ruby a Maris 2019, aka daina ba da shawarar LibSass a Oktoba 2020. Wadda aka juya zuwa JavaScript ba ta kai ta asali sauri ba, shi ya sa a manyan ayyuka sass-embedded muke sawa, mai amfani da ta asalin.

Wani yaronmu ya tambaye ni, "Oga, me ya hana su Rust?" Akwai wadda aka rubuta da Rust, grass sunanta, kuma tana da sauri. Na ce masa sauri ba shi kaɗai ake dubawa ba, ai LibSass ma ta yi sauri. Ka duba wa zai riƙe kayan bayan shekara goma, sannan wa zai iya girka shi ba tare da ciwon kai ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu sayo tsohon samfurin shafi, su canza tambari su sayar da araha. Kwastoma ya zo yana cewa, "Haba Malam, wane ya ce zai yi mini a rabin kuɗin nan." To, ya je. Bayan shekara zai dawo, shafi ya ƙi ginuwa, mai aikin ya kashe waya. Mu buɗe mu tarar da node-sass a ciki, ga @import, tsohuwar hanyar haɗa fayiloli, ko'ina, alhali tun 2019 aka kawo @use a madadinta, ga raba lamba da alamar / maimakon math.div. Irin wannan fayil-fayil muke bin sa, muna kwatanta CSS ɗin da ya fito da na da, don kada maɓalli ɗaya ya goce daga wurinsa. Sai mun gwada shi a ƙaramar wayar Android da netwok mai rauni kafin mu miƙa wa mai shi.