Inda Maki Ke Zubewa a Lissafin Fiziks

Duk wanda ya daɗe yana duba takardun ɗalibai a fiziks ya san ba rashin haddar fomula ke kayar da yawancinsu ba. Fomular densiti kusan kowa ya iya ta: a raba mas (abin da ake aunawa da giram ko kilogiram) da girman abu. Makin yana zubewa ne a wurare biyu, wajen juya awo kafin a shiga fomula, da kuma bayan amsa ta fito, sa'ad da ɗalibi bai tsaya ya duba ko lambar da ya samu za ta iya faruwa a zahiri ba.

Ga irin tambayar da ake yawan kawowa. An ba da guntun ƙarfe mai tsawon santimita 5, faɗi 4, kauri 2, mas ɗinsa giram 108, an ce a nemi densitinsa a kg/m³. Girmansa 5 × 4 × 2, wato 40 cm³. Ɗalibi zai mai da giram 108 zuwa kilogiram 0.108, har nan lafiya lau. Sai ya tuna santimita 100 ke mita ɗaya, ya raba 40 da 100, ya rubuta 0.4 m³. Amsa ta fito 0.27 kg/m³, ya ja mata layi ya wuce. To iskar da muke shaƙa densitinta wajen 1.2 kg/m³ ne, ke nan ya rubuta da hannunsa cewa ƙarfen ya fi iska sakayau. Abin da ya kuɓuce masa shi ne girma ɓangarori uku gare shi, don haka ɗarin nan sau uku za ta shigo: 100 × 100 × 100, miliyan ɗaya. Girman 0.00004 m³ ne, amsar kuma 2700 kg/m³, densitin alminiyam. A ganina hanyar da ta fi aminci ita ce a mai da kowane gefe zuwa mita tun farko, 0.05 da 0.04 da 0.02, sannan a ninka. Wanda ya saba da haka ba ya buƙatar tuna wani miliyan.

Shi ya sa riƙe 'yan lambobi kaɗan a ka ya fi tarin fomuloli amfani. Densitin ruwa 1000 kg/m³, ƙanƙara wajen 920, baƙin ƙarfe wajen 7900, zaiba 13,600. In lissafi ya ce katakon da ke yawo a saman ruwa densitinsa 4000 ne, ba sai malami ya duba ba, akwai matsala a baya.

Tambayoyin zafi su ne suka fi cin maki, domin tambaya ɗaya takan ƙunshi lissafi uku. A ce ƙanƙara ce mai kilogiram 0.5 a digiri 10 ƙasa da sifili, ana son ta zama ruwa mai digiri 20. Mai gaggawa zai ce daga −10 zuwa 20 digiri 30 ne, ya ninka 0.5 × 4200 × 30, ya samu jul 63,000 (jul shi ne awon yawan zafi, 4200 kuma jul ɗin da kilogiram ɗaya na ruwa ke sha kafin ya hau digiri ɗaya). Wannan bai kai kashi ɗaya cikin uku na amsar ba. Ƙanƙara sai ta ɗumama zuwa sifili tukuna, kuma ita da tata lambar, 2100, ba 4200 na ruwa ba: jul 10,500. Daga nan sai narkewa. A wannan gaɓa ma'aunin zafi yana tsaye cik a sifili, ba ya motsi, amma ƙanƙarar tana ta shan zafi don ta warware haɗuwar ƙwayoyinta: kowane kilogiram na shan jul 336,000 kafin ya narke, ke nan 0.5 × 336,000, jul 168,000. Sai ta zama ruwa sarai kafin ta hau zuwa digiri 20, jul 42,000. Jimilla 220,500. Dubi yadda matakin da ake mantawa ya ɗauki kaso mafi tsoka. Maganinsa a ja layi a gefen takarda, a sa −10, a sa sifili sau biyu, a sa 20. Sifilin farko na ƙanƙara ne, na biyu na ruwa, tsakaninsu kuma akwai lissafi.

A lissafin gas kuwa, digirin Selsiyas ba ya shiga fomula ko kaɗan. Gas mai 300 cm³ a digiri 27, aka ɗumama shi zuwa 54 matsi bai canja ba, da yawa za su ce zafi ya ninka, girma ya zama 600. A ƙara 273 tukuna don a koma ma'aunin kelbin, wanda shi fomular ke karɓa: kelbin 300 zuwa 327. Girman 327 cm³ ne kawai. Amma inda tazarar zafi ake buƙata, kamar lissafin ƙanƙarar nan, ba sai an juya ba, tazarar ɗaya ce a ma'aunan biyu.

Kilogiram ba niyuton ba ne: kilogiram awon mas ne, niyuton awon ƙarfi. In an rataya kilogiram 2 a jikin sifirin, ƙarfin da ke jansa niyuton 20 ne idan takarda ta ce a ɗauki g, wato ƙarfin jan ƙasa a kan kowane kilogiram, a matsayin 10. A duba abin da takardar ta bayar, kada a sa 9.8 don an saba da shi.

Akwai kuma dutsen da ake aunawa a iska a samu niyuton 5, a tsoma shi a ruwa ya koma 3, a ce a nemi densitinsa. Ana ganin lambobi biyu sai hannu ya tafi raba 5 da 3. Abin da ruwa ya ɗauke masa ake nema, wato 2, shi ne nauyin ruwan da dutsen ya ture. A raba 5 da 2, a samu 2.5: dutsen ya ninka ruwa sau biyu da rabi, 2500 kg/m³.

Game da rubutu, ina roƙon ɗalibai su daina yin komai cikin kalkuleta su kawo amsa tsurarta. A tambayoyin da ake nuna aiki, rubuta fomula yakan samu makinsa, zuba lambobi da nasa, amsa da awonta da nata. Wanda ya shimfiɗa aikinsa ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe yakan tsira da mafi yawan makin, wanda ya kawo amsa kaɗai ta zo ba daidai ba kuwa, mai dubawa ba shi da abin da zai ba shi. Kada kuma a datse lamba a tsakiyar aiki: in 0.00004 ta bi ta hannun mai son taƙaitawa ta koma 0.0, lissafin ya mutu nan take. A bar datsewa sai layin ƙarshe, a kuma rubuta awon kusa da lambar.