Kwaɗon da na ɗaure a wajen rukuni

Aikin ɗakunan kwanan ɗalibai ne aka ba ofishinmu, bene mai hawa huɗu, kowane hawa ɗaki 24 iri ɗaya. Wanda ya saba da Revit, manhajar zanen gine-gine a kwamfuta, ya san ba a zana irin waɗannan ɗakuna ɗaya bayan ɗaya. Ɗaki guda ake kammalawa da ƙofarsa da tagarsa da kayan cikinsa, a haɗa su su zama rukuni, sai a yi ta kwafa. Ka gyara ɗaya, sauran duk su bi. Amma akwai sharaɗi: dole kowane kwafi ya zama daidai da ɗan'uwansa, ba ƙari ba ragi.

Ni aka ɗora wa wadirof ɗin ɗakunan. Na gina shi a matsayin famili (sunan da Revit ke ba kayan da aka tsara sau ɗaya ake ta ajiyewa a zane) mai bin layi, wato irin wanda ake danna wuri biyu, tsawonsa ya fito daga tazarar da ke tsakaninsu. A ciki na sa jerin ƙyamare, na rubuta lissafi cewa a raba tsawon da milimita 600, abin da ya fito shi ne yawan ƙyamaren. Ka ja layin ya yi tsawo, ƙyamare su ƙaru da kansu. Na ji daɗin aikin nan ƙwarai, kuma har yau ina ganin dabarar tana da kyau.

Matsalar ta ɓullo ne ranar da injiniyan ƙarfin gini ya faɗaɗa ginshiƙai, aka matsar da bangon da ke raba wasu ɗakuna da milimita 50. Ina matsar da bangon sai saƙo ya fito cewa an canja abin da ke cikin rukuni ba tare da an shiga yanayin gyaran rukuni ba. Zaɓi biyu yake bayarwa, ko a warware rukunin, ko a mai da wanda ya bambanta sabon nau'i. Lokaci ya ƙure, sai na dinga zaɓar sabon nau'i don saƙon ya tafi. Kafin mako ya ƙare, ɗaki ɗaya ya haifi nau'i 11, kowanne da lamba a ƙarshen sunansa. Mai ƙididdigar kayan gini ne ya fara lura, da ya ga jadawalin wadirof yana nuna tsawo iri-iri, 2400 nan, 2350 can, alhali kafinta girma ɗaya za a ba shi.

Babban mai zanen ofishinmu ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Bai karɓi linzamin kwamfutar ba.

"Me ka ɗaure a waje?" ya tambaye ni.

"Oga, ban ɗaure komai ba, komai na ciki."

"Shiga rukunin, ka danna wadirof ɗin."

Ina dannawa sai ga ɗan kwaɗon nan, alamar da Revit ke nunawa idan an ɗaure abu da wani, a kulle a ƙarshen layin. Tun ranar farko na jera bakin wadirof da fuskar bangon tsakiya na kulle, don kada ya goce. Shi kuwa bangon ba ya cikin rukunin, an zana shi ne daban a kowane hawa. Don haka duk inda bango ya motsa sai ya ja wadirof ɗin ɗaki ɗaya, tsawonsa ya canja, ya saɓa wa sauran 95. Tsawo kuwa ba ya cikin abubuwan da Revit ke bari su bambanta daga kwafi zuwa kwafi. Rubutun bayani yana iya bambanta idan an saita shi haka, amma ban da tsawo.

Daga nan na fara duba duk abin da ke miƙa hannu zuwa wajen rukuni, sai na sami na biyu. Lokacin ajiye famili mai bin layi, ana iya ɗora shi a kan fuskar wani abu ko a kan shimfiɗar aiki, wato shimfiɗar da ba a gani da manhajar ke ɗora abubuwa a kanta. Ni a fuskar daɓe na ɗora, daɓen kuma yana waje. A hawa na uku, inda aka yanka daɓen gida biyu, wasu wadirof ɗin sun rasa abin da suke zaune a kai. Na sake ajiye su a kan lebul ɗin hawa, wato shimfiɗar da ke nuna matakin kowane hawa, wanda rukunin kansa yake bi, abin ya lafa.

Na ukun a cikin familin yake. A fitowar Revit da muke amfani da ita, jeri ba ya yarda ya gaza biyu, sai a ta 2025 aka ba da damar ɗaya ko sifili. Ɗakin mai gadi yana buƙatar ƙyaure ɗaya tak, lissafin ya ba da 1, familin ya ƙi fitowa. Da na gwada shi shi kaɗai a fayil ɗin da babu komai, na ja shi gajere na ja shi dogo, da tun kafin ya shiga rukuni na gano wannan. Yanzu ba na sa famili mai bin layi a rukuni sai na yi masa wannan gwaji, har da juya shi irin na madubi in ga ta ina ƙyamaren za su buɗe.

Gyaran ya ci mini kwana biyu. Na cire kwaɗon, na tsayar da tsawon da hannu, na mai da nau'i 11 zuwa biyu da ginin ke buƙata da gaske: ɗaki mai wadirof 2400 da na kusurwa mai 1800. Ratar milimita 50 da ta rage a wasu ɗakunan, muka yi shawara da oga aka bar wa kafinta ya toshe da katako a wurin aiki, aka rubuta hakan a jikin zanen.