Ranar da alƙibla ta koma arewa

Hajiya ce ta fara taka mini birki. Na je gaishe ta bayan isha'i a gidanmu na Rafindaɗi cikin Katsina, na zauna bakin tabarma, na bari sai da ta gama lazimi, sannan na ce mata zan yi tafiyar kwana tara zuwa Zanzibar.

"Ina ne kuma nan?"

Na ce tsibiri ne a ƙasar Tanzaniya, can gabashin Afirka.

"Tsibiri. Wato ruwa gaba, ruwa baya." Ta aje carbi. "To mi ka aje can da za ka ɗauko?"

Da na ce mata ba fatauci ba ne, hutu ne, kuma kwana biyar daga ciki a jirgin ruwa za mu yi su, jirgin ma na katako wanda iska ke turawa, sai ta yi mini irin kallon da take yi mini ina yaro in na dawo daga kududdufi da jiƙaƙƙen wando. Ta ce mutane na biyan kuɗi a fidda su daga ruwa, ni zan biya a saka ni, ruwa kuwa ba sa'an kwando ba ne. Daga ƙarshe ta sa albarka, amma da sharaɗi biyu: in riƙa kiranta kullum, kuma kada in yi wasa da salla.

Gaskiyarta. Shekarata 46, kantin magani nake da shi, kuma iyakar sanina da ruwa shi ne kwale-kwalen da muka taɓa shiga a dam ɗin Ajiwa muna 'yan sakandare, ranar da malaminmu ya kusa cin mu ɗanye. Abokina ne tun zamanin jami'a a Zariya ya ja ni. Aiki ya kai shi Dar es Salaam, duk sallar da ya zo gida sai ya ishe ni da labarin teku, har na gaji na ce to gani ya kori ji. Mu huɗu muka haɗa kuɗi, shi ya yi cinikin jirgi.

Maganar takardu ba zan ja ta ba. Ɗan Najeriya ba ya tashi kawai ya je a buga masa biza a filin jirgi, sai ya nema ta intanet tun daga gida ya jira amsa, don haka kada mutum ya yanki tikiti kafin ta fito. Akwai katin allurar shawara. Akwai kuma inshorar da gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun watan Oktoban 2024, dala 44 ga babban mutum, ko da kana da wata inshorar daban. Na biya ina ƙunƙuni.

Mun bar Katsina ta Ƙofar Ƙaura bayan asuba, tsakiyar Janairu, hunturu na kan ganiyarsa. Ƙanina ke tuƙi, fitila kunne har Kankiya saboda hazo. Charanci, Kankiya, Gidan Mutum Ɗaya, Bichi, Dawanau, kilomita kamar 170, leɓɓana sun tsage duk da man kaɗanyar da mai ɗakina ta cusa mini a aljihu tare da kwalbar yaji. A filin jirgin Malam Aminu Kano hazon nan ya riƙe mu awa uku. Daga nan sai Addis Ababa, inda muka kwana. Garin na bisa tudu, sama da mita 2,300, sanyinsa har ya fi wanda na baro. Abin da ya ɗebe mini kewa a can Hausa ce ta ko'ina: masu zuwa Caina saro kaya, masu Dubai, masu Umara. Wani dattijo ɗan kasuwar Kwari ya tambaye ni wane kaya ake samu a Zanzibar. Na ce yawon buɗe ido zan je. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a," da irin muryar da ake yi wa majinyaci sannu.

Kashegari da hantsi muka tashi. Na roƙi kujerar bakin taga, kuma duk wanda zai yi wannan tafiya ina ba shi shawarar ya roƙa. Mun tsallake layin da ya raba duniya biyu ba tare da na ji komai ba. Can matuƙin jirgi ya yi magana, mutane suka yi ta leƙe, sai ga kan dutsen Kilimanjaro ya huda gajimare, fari fat a samansa. Mita 5,895 ne tsayinsa. Na ɗauki hoto, bai fito ba.

Amma ba dutsen ne ya kama ni ba. Jirgi na fara sauka ƙasa ta ƙare ƙat, kamar an yanke ta da wuƙa, ruwa ya karɓa. Da fari baƙin shuɗi ne mai ƙyalli, irin na rawani ɗan Kura sabon fitowa daga bugu. Muna matsawa sai ya fara washewa, ya koma launin shuɗin bula da aka tsinka da ruwa, daga nan ya koma wani tsanwa mai haske wanda ban san sunansa da Hausa ba, ina jin ma ba mu raɗa masa ba tunda ba mu da shi. Ana hango ƙasan ruwan daga sama, yashi fari da baƙaƙen duwatsu. Ga wasu 'yan fararen abubuwa masu kusurwa uku warwatse a kai kamar balbelu a fadama. Na daɗe ina kallo kafin na gane jirage ne. Gabana ya faɗi. Ashe cikin ɗaya daga waɗannan 'yan mitsi-mitsin zan kwana biyar.

Ana buɗe ƙofa wani zafi mai laima ya rufe ni, kamar na shiga ɗakin da aka sauke ruwan wankan jego. Mu muna hunturu, su suna tsakiyar zafinsu. Kafin in kai wurin duba fasfo rigata ta manne a baya. Kwana biyu da zuwana leɓɓan nan suka warke, man kaɗanya ya narke a aljihu ya ɓata mini wando.

Filin jirgin na ɗauke da sunan Abeid Amani Karume, wanda ya zama shugaba bayan juyin juya halin Janairun 1964 da ya kawar da sarautar Larabawa. A watan Afrilun shekarar aka haɗe da Tanganyika, aka samu Tanzaniya. Tsibirin da muka sauka mutanensa Unguja suke ce masa, ɗan'uwansa Pemba na arewa da shi.

Abokina ya tarye mu, muka kwana ɗaya a tsohon garin, wanda Turawa ke kira Stone Town. Na yi zaton zan ji ni baƙo. Sai ga lunguna ƙunci-ƙunci da mota ba ta shiga, kamar cikin birninmu, ga dakali a ƙofar kowane gida da dattawa zaune cikin fararen riguna da huluna suna shan gahawa, su baraza suke ce wa dakalin. Ƙofofin ne suka bambanta, katako mai sassaƙa da manyan ƙusoshin tagulla. A shekarar 2000 UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, shi ya ɗauko fadarsa daga Maskat ya dawo nan a ƙarni na 19, arzikin garin kuma kanumfari ne da hauren giwa da bayi. An rufe kasuwar bayin a 1873, coci ne a wurin yanzu. Na tsaya a bakinsa jikina ya yi sanyi, don mu ma tarihinmu bai kuɓuta daga wannan ciniki ba. Kanumfarin kuwa na sayi ƙulli guda a kasuwar Darajani domin kunun Hajiya.

Kunnena ma ya yi ta tsintar 'yan'uwan kalmominmu a harshensu na Swahili. Habari shi ne labari, asubuhi asuba, sabuni sabulu, hatari hatsari. Larabci ya shayar da harsunan biyu nono ɗaya.

To, ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Da muka isa masauki na yi alwala zan haɗa azahar da la'asar. Na leƙa taga, na ga inda rana ta karkata, na ba ta baya, na shimfiɗa darduma, na kabbara. Abin da nake yi tun ina ɗan shekara bakwai ke nan, ko cikin duhu aka tashe ni. Ina cikin tahiya na ji mutum tsaye a bakin ƙofa. Dattijon da ke kula da gidan ne, ya kawo shayin citta. Ya jira na sallame, ya aje tiren, ya durƙusa, ya kama gefen dardumar da hannu biyu ya juya ta zuwa hagu, a hankali, kamar mai gyara wa jariri kwanciya. Ya nuna bango ya ce, "Kibla." Sai a lokacin na ga 'yar kibiyar da aka manna a jikin silin.

Na ɗan yi musu a raina. Na buɗe waya na duba, dattijo ne da gaskiya. Zanzibar da Makka kusan a layi ɗaya suke, Makka na arewa sak. Abokina ya ce a Swahili ma kalmar kibla kan ɗauki ma'anar arewa. Mu kuwa gabas da alƙibla sun zame mana abu ɗaya, har in za mu zagi marar salla sai mu ce ba ya duban gabas. Ban taɓa tsayawa na raba su ba sai ranar. Da magariba a masallacin unguwar, na tsaya a sahu ina fuskantar arewa, jan rana na shigowa ta taga a hannuna na hagu, jikina na ta faɗa mini an yi kuskure, liman kuma na karanta bisimilla a bayyane irin na Shafi'iyya. Na idar, amma kafaɗata ta dama sai ja na take yi wajen gabas.

Kashegari muka yi arewa zuwa Nungwi, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. A bakin ruwan nan ake ƙera jiragen. Na zauna kusa da wani masassaƙi yana fafe katako da gizago, babu zane a takarda, da ido yake awo. Yaronsa na cusa audugar da aka jiƙa da mai cikin tsagar katakai yana bugawa da guduma, ita ke hana ruwa shiga. Babban jirgi jahazi suke ce masa, ƙaramin mai fukafukan katako a gefe ngalawa, shugaban jirgi kuma nahodha.

Namu nahodhan siriri ne, baƙi wuluk, ba ya son magana. Madugu ne sak. Kakanninmu da suka riƙa fita da ayari daga Katsina zuwa Agadas da Gat sun san rijiya da tauraro, shi kuma iska ya sani. Daga Disamba zuwa Maris iskar kaskazi ke busowa daga arewa maso gabas, ita ta riƙa kawo jiragen Oman da Indiya shekaru aru-aru. In ta juya ta zama kusi daga wajen Afrilu, sai ta mayar da su gida. Da abokina ya fassara mini haka na ce ai na san ta. Lokaci ɗaya da hunturunmu, kusurwa ɗaya. Tamu ta ratso Sahara ta kwaso ƙura ta tsaga mana leɓe, tasu ta ratso teku. Nahodha ya yi murmushi karo na farko.

Da za mu rabu ya ce, "Kesho, saa moja." Abokina na can yana waya, sai yaron jirgi ya ɗaga mini yatsa ɗaya ya faɗa da Turanci: gobe ƙarfe ɗaya. Na ji daɗi. Na tsara zan yi asuba in koma barci, in tashi in yi wanki, in ci abinci, in yi azahar a tudu kafin in miƙa kaina ga ruwa.

Shida da rabi ake dukan ƙofa kamar za a ɓalle ta. Abokina ne, jaka a kafaɗa, yana dariya har da riƙe ciki. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, tunda kusa da tsakiyar duniya rana ba ta cika saɓa lokacinta ba. Ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗayansu, tsakar rana kuma ƙarfe shida. Ba kuma a jira, domin teku na cikowa ya janye sau biyu a yini, in ya janye jirgi sai ya zauna a kan yashi. Nahodha da kwanan wata yake lissafinsa, irin na Hijira, ba da agogona ba.

Haka na fito da jiƙaƙƙen wankin da na jiƙa tun dare cikin leda. Na naɗe wando, na ɗora jaka a ka kamar 'yar talla, na shiga ruwa har cinya, aka miƙo hannu aka ja ni sama. Ni kaɗai na nemi rigar ceto, na kuma ɗaure ta har wuya, ban ji kunyar kowa ba. Da ɗan inji muka fita daga gaɓa. Can nahodha ya ɗaga hannu aka kashe shi. Matasa huɗu suka kama igiya suna ja suna amshi, doguwar sanda ta yi sama tana ƙara, makeken farin ƙyalle mai kusurwa uku ya warware, ya yi faf-faf sau biyu, ya cika. Jirgi ya karkata gefe guda, na damƙe katako da hannu biyu ina salati. Daga nan sai shiru. Ba ka jin komai sai ruwa na tsagewa a ƙasanka da kukan igiya.

Cikina ya fara juyawa, aka miƙo mini shayin citta a ƙaramin kofi. Na duba waya, saura sanda ɗaya ta sabis. Ƙarfe takwas a nan, shida ke nan a Katsina, na san tana kan darduma. Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Kun shiga?"

"Mun shiga, Hajiya. Lafiya lau."

"Allah shi kiyaye. Ka yi asuba?"

"Na yi."

"Ka dai dubi gabas sosai ko? Baƙon wuri sai da tambaya."

Na ce, "Arewa na duba, Hajiya."

Ta yi shiru, har na zaci layin ya yanke. Can ta ce, "Ba ni abokin nan naka."