Yadda na haɗiye kurakurai har suka maƙale mini

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, ga labarin wata kunya da na sha, ko za ku tsallake ramin da na faɗa.

Wata makaranta ce ta ba ni aikin manhajar da za ta kwashi makin jarrabawar ɗalibai daga fayil ɗin Excel ta zuba a rumbun bayanai. Da yaren Go na rubuta ta. Tsarina a lokacin shi ne, da zarar ta ci karo da layi mai matsala, ta tsaya cak ta faɗi abin da ta gani. Ni a wautata wannan tsantseni ne. Ranar farko, bayan la'asar, malamin da ke kula da jarrabawa ya kira ni. Ya loda fayil, ta ce layi na 14 babu lambar ɗalibi. Ya gyara ya sake lodawa, ta ce a layi na 31 an ba yaro maki 105. Ya gyara, ta kawo wani. Sau tara yana wannan zarya. Ya ce, "Malam, wai ita ba za ta faɗa mini duka a lokaci guda ba ne, in huta?"

Gaskiyarsa. Sai dai gyaran da na yi ya fi ɓarnar muni. Na sa ta riƙa tsallake duk layin da ya lalace ta wuce abinta, kuskuren kuma na jefar da shi da alamar _ ɗin nan da Go ke ba ka damar yin watsi da abin da ba ka so. Manhaja ta ce an gama lafiya, malam ya yi godiya. Sai da aka raba takardun sakamako aka ga yara bakwai babu sunansu sam. Har wani uba ya zo makarantar da kansa. Na kwana biyu ina kunyar ɗaga waya.

Karo na uku na ɗauka na yi wayo: na tattara saƙonnin kurakuran na liƙa su cikin dogon rubutu guda. Mutum zai iya karantawa, amma ita manhajar ta makance, don ba ta iya bambance layin da aka rubuta ba daidai ba da yankewar hanya tsakaninta da rumbun bayanai. Har na koma laluben wata kalma a cikin rubutun don in gane ko hanya ce ta yanke. Abin haushi, tun 2019 sigar Go ta 1.13 ta zo da alamar %w, wadda ke naɗe kuskure cikin ƙarin bayani ba tare da asalinsa ya ɓace ba, sannan umarnin errors.Is, mai tantance ko wane irin kuskure ne, ya tono shi. Ni kuwa ina ta buga %v, wanda ke mayar da komai rubutu zalla. Harafi ɗaya ne fa bambancin.

A Fabrairun 2023 Go 1.20 ya kawo errors.Join. Kana ba shi kurakurai da yawa ya ɗaure su dami ɗaya, ya zubar da waɗanda suke nil (wato fanko, babu kuskure a cikinsu), kuma errors.Is yana leƙa kowane ɗaya a ciki. Masu yaren Python kuna da ExceptionGroup da except* masu irin wannan aikin tun sigar 3.11. Ku koye su da wuri.

Amma ku kula, ba kowane kuskure ake tarawa ba. Layukan da malami zai iya gyarawa da hannunsa, su ake tarawa, kowanne da lambar layinsa da abin da ya same shi. In rumbun bayanai ne ya ɗauke, a tsaya nan take, in ba haka ba za ku miƙa wa bawan Allah kuskure iri ɗaya sau ɗari shida. Wannan ma na taɓa yi.

Yanzu in fayil yana da matsala ko a layi ɗaya ne, manhajar ba ta zuba komai. Jeri guda take fitar wa malamin, ya zauna da shayinsa ya gyara, ya sake lodawa sau ɗaya.