Laraba, ni da makwabciyata da kakanninta

Yau ban leƙa makaranta ba, ruwan Gilasgo, nan ƙasar Scotland, ya hana kowa sakat tun asuba. Wajen ƙarfe goma makwabciyata, wata tsohuwa da ke zaune a ƙasan benenmu, ta ƙwanƙwasa min ƙofa da wata tsohuwar takardar aure a leda, wai don Allah in taimaka mata a kwamfuta tana son ta gano asalin kakan babanta, abin da ta sani kawai shi ne mahaƙin kwal ne a yankin Lanarkshire. Na ce to Mama zauna, na ɗora shayi.

Muka shiga shafin ScotlandsPeople, na hukumar adana takardun ƙasar ne, neman suna kyauta amma in za ka buɗe hoton takardar sai ka sayi kiredit. Wallahi sunan mutumin nan da muka saka sai ga su rututu, ashe su ma suna mayar wa ɗan fari sunan kakansa kamar mu, sai dai mu ko Abba ko Baffa za a laƙaba maka a huta. Kiredit ɗinmu ya tafi a kan mutum biyu da ba shi ba, tana ta min dariya. Abin da ya cece mu takardar mutuwa, don tun 1855 da gwamnati ta karɓi rajista ake rubuta sunan uba da na uwa har da sunan gidansu kafin aure.

A ƙidayar 1881 muka same su. Mutum tara, ga layin da ake rubuta yawan ɗakuna masu taga, an sa ɗaya. Ta cire tabarau ta goge ta mayar, ba ta ce komai ba, ni ma na yi shiru.

Daga nan na buɗe Scottish Mining Website inda aka jera waɗanda suka mutu a ramuka shekara bayan shekara, muka karanta na ramin kwal na Blantyre da ke Lanarkshire ɗin, fashewar 22 ga Oktoba 1877 da ta ci mutum sama da 200, yara a ciki. Kakanta ba ya cikin jerin, ta ce ai da yana ciki da wa za ka ba shayi yau.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne dokar 1606 da ta ɗaure mahaƙan kwal ga mai rami, ba ka da ikon tashi ka koma wani wuri sai da izininsa, kuma ba a gama kwance su ba sai 1799. Ita ma ba ta taɓa ji ba, a ƙasarsu fa.

Mun so mu duba tsofaffin taswirori na babban laburaren ƙasar mu ga inda layin gidajen kakannin nata yake, sai jikarta ta kira. Asabar za mu gidan tarihin haƙar kwal na Newtongrange in ruwa ya bari, ta ce kuɗin jirgin ƙasa nata ne. Takardar auren ma ta manta ta a kan tebur ɗina.