Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Na Hau Dandamali da Rigar Baffa

Makon jiya na tsaya a inda muka shiga aji uku a jami'a, na kuma yi alkawarin labarin kwas ɗin da ya fi kowanne gasa mana gyaɗa a hannu, na zurfafa iya fitowa a dandamali. Sai dai ba zan iya shiga ciki ba ban dawo da maganar Baffa ba. Kun tuna ranar da na kai masa takardar samun gurbi a shagonsa na Kantin Kwari, ya ga sashen wasan kwaikwayo ne, ya ajiye ta a kan bandirin shadda ya ce, "Auta, tashe ma sai an je jami'a?" Yaran shago suka kwashe da dariya. Har yau idan na bi ta layin sai na ji dariyar nan.

Aji ɗaya da aji biyu ba ni da abin faɗa a kansu, lakca ce da haddar tarihi. A aji uku aka raba mu da takarda. Malamin kwas ɗin zai sa mu cire takalmi mu kwanta a kan siminti, hannu a kan ciki, mu yi ta jan numfashi har sai cikin ne ke tashi, kafaɗa ba ta motsa ba. Daga nan sai murya. Zai je ya zauna a kujerar ƙarshe ta zauren, babu lasifika, ya ce ka yi raɗa ya ji. Wanda ya yi ihu ya koma layi. Da safe kuma "da kwaɗo da ƙato suka tafi koto" muke maimaitawa har muƙamuƙi ya yi tsami, domin mai haɗiye ƙarshen kalma ba ya kai 'yan kallo ko'ina.

Sannan aka zo kan Stanislavski, ɗan Rashan nan da ya kafa gidan wasa a Mosko shi da abokinsa a 1898. Abin da na riƙe daga koyarwarsa tambayoyi ne: da ni ne a halin da wannan mutum yake ciki, me zan yi? Kuma me yake nema a wurin wanda ke gabansa? Idan ɗayanmu ya zare ido yana huci, sai Malam ya tafa hannu ya ce, "Ban ce ka nuna mini fushi ba. Kuɗinka kake so ya biya, ko so kake ya ji kunya a gaban mutane? Zaɓi ɗaya ka nema." Da zarar mutum ya zaɓa, sai ka ga har tsayuwarsa ta sauya.

Bayan shekaru, da na fara leƙa masu fim a Zoo Road, na ga ana shafa wa yarinya man zafi a ƙasan ido don hawaye su zo, darakta na cewa a sake ɗauka. Ban raina su ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma a dandamali babu a sake. Kuma mutane sun manta cewa fim ɗin Kano daga ƙungiyoyin dirama ya tsiro; 'yan Tumbin Giwa ne suka yi Turmin Danya a 1990. Shi Baffan da ke kiran abin tashe, muna yara idan Samanja ya fito a talabijin ko tari ba ka isa ka yi a falonsa ba.

Maganar tashen ma, bari in gama da ita. Da muka karanta Brecht, Bajamushen da ke son ɗan kallo ya riƙa tuna cewa wasa yake kallo domin ya yi tunani a kan abin da ake nuna masa, sai Malam ya ce mu duba tsoho da gemu. Duk unguwa ta san yaro ne ya liƙa auduga a haɓa, an san ɗan gidan wane ne, amma saƙon yana isa. Haka tashen Nalako da ke bin gwauraye cikin azumi, haka wasan gauta da matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa. A kan wannan na amsa tambayar jarrabawa, kuma ban taɓa samun maki irin na ranar ba. To Baffa, e, ashe sai an je.

Babban aikin zangon shi ne kowa ya zaɓi mutum guda a gari, ya yi ta lura da shi, ya gina ɗan wasa na minti goma a kansa. Malam ya ja kunne: "Kada wanda ya kawo mini ɗan kama. Ba dariya na aike ku nema ba." Wasu suka tafi tashar Kabuga wurin 'yan kamasho, wata ta zauna da mai ƙosai. Ni na koma shago da sunan taya ciniki ranar Asabar. Baffa har ya ce wa Umma yaron ya fara hankali.

A nan na san mutumin da ya riƙe mu tun rasuwar Abba. Ba ya fara faɗin kuɗi sai mai saye ya taya. Idan zai ce albarka, sai ya fara naɗe hannun babbar riga a kafaɗar hagu. Idan an ambaci bashi, carbinsa yakan tsaya cak. Kuma duk yaron shagon da ya yi wa faɗa da rana, da yamma shi yake fara miƙa wa kuɗin mota, ba tare da ya dube shi ba. Da na yi masa tambayar Stanislavski, amsar da na samu ita ce yana neman kada kowa ya gane tsoro yake ji, tsoron wani daga cikinmu ya tashi ba sana'a a ce marayun ƙaninsa sun lalace a hannunsa. Na fahimci wannan sarai. Fahimtar ba ta goge dariyar yaran shagon ba, kuma bai taɓa cewa ya yi kuskure ba.

Ranar nuni na ari tsohuwar rigarsa mai ruwan toka a wurin Umma, ban ce mata komai ba sai dai na roƙe ta ta zo. Ta zo da Anti, suka zauna a layi na uku. Da na naɗe hannun riga na ce albarka, sai na ji Anti ta ce "La ilaha" da ƙarfi. Babu wanda ya yi dariya a zauren. Umma ba ta yi mini magana a adaidaita ba har muka iso gida, ita kuwa Anti kun san ta, kafin isha'i labari ya zaga dangi.

Washegari bayan asuba wani yaron gidanmu ya buga mini ƙofa, ya ce Baffa na kira a zaure, kuma wai in taho da rigar. Abin da ya faru a zauren sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.